"Ƙashin Samudawa" a Kwarin Pindiga: Yadda Muka Bi Diddigin Wani Baƙin Dutse

A ƙarshen watan Agustan bara wani ɗalibina ɗan aji biyar ya tsaya bayan an tashi darasi, ya zaro ƙunshi daga jakarsa ya ajiye a kan teburina. Tsumma ne, a ciki akwai guntaye biyu baƙaƙe masu ratsin ja, waɗanda in ka haɗa bakinsu sai su koma abu guda. Ya ce mahaifinsa ne ya tsinta a kwarin da ruwa ya ci a gefen gonarsu, can wajen Pindiga, kuma tun ranar gidansu bai rabu da 'yan kallo ba. Wasu sun ce ƙashin Samudawa ne. Wasu sun ce kayan mutanen ɓoye ne, a yi maza a mayar inda aka ɗauko. Wani mai sayen duwatsu ma har ya yi tayi. "Malam, Baba ya ce in kawo maka, tunda kai kake koya mana labarin ƙasa, ka faɗa mana gaskiyar abin."

Ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Kumo, kuma na taɓa ilimin duwatsu a jami'a gwargwadon abin da zai sa in san ta inda ake farawa. Abu na farko da na lura shi ne tambaya uku ce aka cusa cikin guda: ƙashi ne ko ba ƙashi ba? In ƙashi ne, ya koma dutse ko kuwa daɗewa kawai ya yi a laka? Sannan na wace dabba ne, kuma ta wane zamani? Duk masu gardamar ƙauyen a kan ta uku suke, alhali ba wanda ya amsa ta farko.

Tsawon abin, in an haɗa, santimita 14 ne, kaurinsa kusan 5, wato kamar tsintsiyar hannun ƙato. Ya ɗan lanƙwasa kaɗan. Ba shi da kai ko gindi, duka ɓangarorin biyu a guntule suke, kuma guntulewar tsohuwa ce don bakinta ya goge ya yi sumul. Karayar tsakiya kuwa sabuwa ce fil.

Kafin ya iso hannuna abin nan ya sha wahala. Da na tambayi yaron dalla-dalla, sai ya ce a kwance mahaifinsa ya gan shi kan rairayin gindin kwari, washegarin wani ruwan dare mai ƙarfi, da wani toka-tokan dutse manne a gefensa guda. Da ya kai gida sai ya jiƙa shi a ruwan garin sabulu, ya sa burushin waya ya dirje shi tas har ya fara sheƙi. Shi kuma mai sayen duwatsu ya ce irin wannan wani lokaci a cikinsa ake samun dutse mai daraja, sai a fasa a gani. Aka sa guduma. Ba a ga komai ba, mutumin ya hau babur ɗinsa ya yi gaba, tayin ma ya bi shi. Gudumar dai, ba da niyya ba, ta yi mana rana, don ta buɗe mana cikin abin. Burushin wayar ne ya yi ɓarnar da ta fi ciwo, zan zo kan dalilin.

Ban fara gwaji ba sai da na tara abokan kwatance, don ido ba ya gane abu shi kaɗai sai an jera masa. Na je bayan kwata na tsinto busasshen ƙashin ƙwaurin saniya wanda rana ta daɗe tana duka. Ina da guntun itacen da ya koma dutse wanda na taɓa samowa a wajen Dutsen Bima. Na ƙara da dunƙulen marmara da tsingaron tukunya. Ba da ka na zaɓe su ba. A ƙasarmu, yawancin abin da ake kawowa da sunan tsohon ƙashi ɗaya ne daga cikin waɗannan: itacen da ya zama dutse, wanda ke da yawa a duwatsun yashi na Bima, ko dunƙulen dutse mai sinadarin ƙarfe da ya taru ya yi siffar gaɓa har da rami a tsakiya, ko kuma ƙashin saniyar shekaran jiya da laka ta rina.

Gwajin da ya fi kowanne ƙarfi shi ne mafi sauƙi, wato duban bakin karaya da madubin ƙara girma. Na yi amfani da ƙaramin nan na aljihu mai ninka abu sau goma. Daga waje akwai bango mai ƙarfi, a cure, kaurinsa bai wuce milimita 4 ba. Daga nan zuwa ciki sai curewar ta riƙa saki a hankali har ta koma saƙa mai ƙofofi barkatai, wasu zagayayyu, wasu dogaye, ba biyu masu girma ɗaya. Duk wanda ya taɓa tauna kan ƙashi a miya yana tsotsar romonsa ya san wannan saƙar, kamar soso take. Bambancin kawai, a nan kowace ƙofa cike take da wani farin abu mai ƙyalli. A jikin bangon ta waje, inda burushi bai cinye ba, akwai siraran layuka masu bin tsawon abin, da 'yan ramuka kamar an soka allura, irin hanyoyin da jijiyoyin jini ke bi su shiga ƙashi.

Da na ɗora madubin kan itacen Bima sai na ga wata duniya daban. Zarensa a miƙe yake, a jere, ɗaya kusa da ɗaya kamar tsinken tsintsiya, kuma ba bango daban ciki daban. Marmara kuwa ƙwayoyin yashi ne da tsakuwa a manne, ba wani tsari. Irin dunƙulen nan mai rami, in ka fasa shi, ɓawo-ɓawo yake kamar albasa. Ba ɗayansu da ke da bango a waje da soso a ciki. Tun a nan na natsu cewa ƙashi ne, sauran gwaje-gwajen na tabbatarwa ne da kuma amsa tambaya ta biyu.

Tauri ya goyi bayan abin da ido ya gani. Itacen Bima ya karce gilashin kwalba nan take, don sinadarin yashi ne ya maye gurbinsa, irin na dutsen ƙanƙara, wanda taurinsa 7 ne a ma'aunin Mohs mai hawa goma. Abin namu bai karce kwalba ba, wuƙa kuma da ƙyar ta yi masa zane. Haka ya kamata, domin ma'adinin ƙashi, kalsiyam fosfet, taurinsa wajen 5 ne, ƙasa kaɗan da gilashi. Sai na ɗiga ruwan khal. A jikin bangon shiru. A kan farin abin da ya cike ƙofofin sai ga ƙananan kumfa suna tasowa, alamar sinadarin farar ƙasa ne, irin na dutsen da ake siminti da shi. A cikin wata tsaga kuma na tarar da ɗan ragowar toka-tokan dutsen nan da burushi bai kai gare shi ba, bai fi ƙwayar gero uku ba. Shi ma ya yi kumfa sosai, kuma a ƙarƙashin madubi na ga ɓarɓashin ɓawon kumba a cikinsa. Na hana kowa sake taɓa wurin.

Akwai gwajin harshe, wanda ɗalibai suka fi so don sun gani a intanet: wai ka ɗora abin a harshenka, in ya manne ƙashi ne, in bai manne ba dutse ne. Dalilinsa gaskiya ne, ƙananan ƙofofin ƙashi suna zuƙe yawu sai ka ji ya kama. Ban bar kowa ya lashi abin da aka tsinto a kwari ba, jiƙaƙƙen yatsa muka sa. Ƙashin saniya ya kama. Tsingaro ya ma fi shi kamawa. Abin namu, wanda shi ne ake tambaya a kansa, da ƙyar ya ɗan riƙe, saboda ƙofofinsa a toshe suke. Da a wannan gwajin muka dogara, da mun yanke hukuncin tukunya ce ƙashi, ƙashin kuma dutse. A ganina wannan gwaji ya fi suna fiye da amfani.

Nauyi kuwa ya yi magana. A sikelin ɗakin gwaji guntayen biyu sun ba da giram 620. Da muka nutsa su a ruwa cikin kofin awo, ruwan ya tashi da mililita 240. In ka raba, kowane mililita na cikinsa yana ɗauke da giram 2.6 ke nan. Bangon ƙashi mafi curewa na dabba mai rai ba ya wuce wajen giram 2, ƙashin da cikinsa soso ne kuwa ya fi haka sauƙi nesa ba kusa ba. Ƙashin saniyar da na kawo ya fi namu tsawo, amma yaro ya ɗauke su hannu bibbiyu ya ce, "Malam, wannan ai kamar kara ne a kan wancan." Da muka ƙwanƙwasa su da cokali, na saniya ya yi ƙara a dushe, namu ya amsa kamar tangaran.

Na ƙarshe, allura. Kusan kashi ɗaya bisa uku na busasshen ƙashi wani sinadari ne mai danƙo da ake kira kolajin, shi ne ke sa romon ƙafar saniya ya daskare in ya kwana. Sauran kashi biyun ma'adini ne. In ƙashi ya binnu a laka, kolajin ɗin yana ruɓewa ya tafi, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma ya riƙa ratsa gurbin yana ajiye ma'adinan da ya kwaso, har ƙofofin su cika. Ma'anar komawa dutse ke nan. Na gasa allura a kyandir har ta yi ja na dangwala wa ƙashin saniya, sai ga ƙaurin babbaka, irin na ranar Sallah in ana ƙona kai da ƙafa. Na dangwala wa namu a wani lungu, ba ƙauri ba tabo. Sai dai a yi hattara da wannan ma. Rashin ƙauri yana nufin kolajin ya tafi, ba ya nufin shekara miliyoyi, don a zafi da damina irin namu ƙashi kan rasa shi da wuri. Launi ma haka, laka mai sinadarin ƙarfe tana iya baƙanta ƙashi cikin 'yan shekaru. Haɗuwar nauyin da cikar ƙofofin da ragowar dutsen da ke manne ita ce ta sa na ce ya koma dutse, ba ɗayansu shi kaɗai ba.

Ranar Asabar muka hau babur ni da yaron muka tafi gonar. Mahaifinsa dattijo ne mai fara'a, ya tarbe ni da ruwa da gyaɗa, muka gaisa.

"Malam, ka ce ƙashi ne ko?"

"Ƙashi ne, Baba, babu shakka. Amma shekarunsa ba a jikinsa suke ba, suna inda ya fito. Shi ya sa na zo ka nuna mini wurin."

Kwarin ya fi tsayin mutum biyu zurfi, irin zaizayar nan da ta addabi Gombe da kewayenta. A bangonsa ƙasar noma ce a sama, kamu uku ko huɗu. Ƙasa da ita sai dutsen laka mai duhu wanda ke ɓantarewa falle-falle kamar tsohon littafi, a tsakaninsa kuma da shimfiɗu na toka-tokan dutse mai tauri, wani kamu ɗaya, wani bai kai ba. Na ɓalli ɗan gutsure na ɗiga khal, ya yi kumfa, ga ɓarɓashin kumba a ciki, daidai da ragowar da ke cikin tsagar ƙashin. Ban gama dubawa ba yaron ya miƙo mini wani dunƙulallen dutse a naɗe kamar dodon koɗi, girman faranti ƙarami.

Dattijon ya yi dariya. "Waɗannan ai tarkace ne, Malam. Garma ke tono su, yara na wasa da su."

Tarkacen nan su ne shaidar da ta fi ƙashin daraja. Amonayit ake ce musu, halittun teku ne masu ɓawo, dangin dorinar teku mai hannuwa da yawa, kuma sun ƙare a duniya shekara miliyan 66 da suka wuce, lokaci guda da dainoso, manyan dabbobin nan masu jan ciki na zamanin da. Da na ce masa inda muke tsaye ƙarƙashin teku ne a wani zamani, sai ya dube ni ya dubi dawarsa.

"Teku a Pindiga? Mu da muke roƙon ruwa a watan Yuni?"

Na yi masa bayani iya yadda zan iya. Lokacin da nahiyar Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, ƙasa ta tsage ta yi dogon kwari daga bakin teku a kudu har zuwa yankinmu, shi ne masana ke kira Kwarin Binuwai. Da farko koguna ne suka zuba yashi a ciki, shi ya zama duwatsun Bima, shi ya sa ake samun itatuwa a cikinsu. Daga baya teku ta hauhawa ta shigo, har ta haɗe ta tsakiyar Sahara da tekun da ke arewacin Afirka, wajen shekara miliyan 90 zuwa 95 baya. Lakarta da ɓawon halittunta su suka zama wannan shimfiɗar, kuma sunan da masanan duniya suka ba ta shi ne Pindiga. Dutsen da ake haƙa a Ashaka ana siminti na wannan tekun ne, an kuma samu amonayit da haƙoran kifaye a cikinsa. Da ruwan ya ja baya sai fadamu suka biyo, su suka bar kwal ɗin Maiganga a shimfiɗar da ake kira Gombe. Bima, Yolde, Pindiga, Gombe, Kerri-Kerri: sunayen wurarenmu ne a jere a littattafan ilimin duwatsu, daga tsoho zuwa sabo, mu kuwa muna noma a kai ba mu sani ba. Dattijon ya jima shiru, sannan ya ce, "Ikon Allah ya wuce haka."

Ga inda burushin waya ya cuce mu. Ƙashin ba a cikin bango aka ciro shi ba, a kwance aka same shi kan rairayi, kuma ruwa na iya ɗauko abu daga nesa. Mun bi kwarin sama har inda ya ƙare, duk duwatsun iri ɗaya ne, mun duba bangon ko za mu ga sauran ƙashin a maƙale, ba mu gani ba. Igiyar da ke ɗaure ƙashin da wannan shimfiɗa ita ce dutsen da ya zo manne da shi. Da an bar shi yadda yake, mai yiwuwa a sami ɓawon da za a gane irinsa a ciki, a ce ga takamaiman shimfiɗar da ya fito. Yanzu ƙwayar gero uku ta rage mana. Ta isa a ce daga dutsen teku ya fito, amma hujjar ta yi siriri fiye da yadda ya kamata.

Mako biyu bayan haka na kai wa wani tsohon abokin karatuna da ke koyar da ilimin duwatsu a jami'a. Ya juya shi, ya sa a ƙarƙashin babban madubinsu, ya amince da abu biyun farko ba gardama. Ɗalibin nawa, da na tafi da shi, ya tambaya ko ba za a yi masa gwajin kabon ba a san shekarunsa. Ya ce ba zai yi ba: wannan gwaji ba ya wuce wajen shekara 50,000, kuma kolajin ɗin da ake aunawa ma babu shi. Irin wannan ana sanin zamaninsa ne ta shimfiɗar dutsen da amonayit ɗin da ke ciki, don kowane zamani da irin nasa, kuma an auna shekarun irinsu a wasu ƙasashe inda tokar aman wuta ta kwanta tare da su.

A kan dabbar kuwa ya ƙi sakin baki, kuma na ga gaskiyarsa. Sunan dabba a kan gaɓoɓi yake, da haƙora da ƙoƙon kai da ƙashin baya. Tsakiyar ƙashi marar kai marar gindi kamar wasiƙa ce da aka yage sama da ƙasa. Abin da ya nuna mana shi ne ba shi da ramin ɓargo a buɗe, soso ne har tsakiya. Wannan ya fitar da ƙwaurin saniya, ya kuma fitar da cinyar mutum kowane irin girmansa, wato Samudawa sun fita. Dabbobin ruwa da yawa haka ƙasusuwansu suke, kunkuru da manyan masu jan ciki na teku, sai dai dorina da giwa ma haka, don haka wannan alama ita kaɗai ba ta yanke hukunci. Tare da dutsen tekun ne ta karkata zuwa wata babbar dabbar ruwa mai jan ciki. Yaron ya so a ce dainoso, don ya ji labarin Gadoufaoua a hamadar Nijar, inda aka tono Ouranosaurus da Nigersaurus da ƙaton kadan nan Sarcosuchus. Abokina ya ce su dainoso a tudu suka rayu, dutsen teku ya fi bayar da irin Goronyosaurus, dodon ruwan da aka samo a yankin Sakkwato aka sa masa sunan Goronyo. Ya ce ana iya yanka ɗan falle a goge shi har ya kai siririn milimita 0.03 a duba saƙarsa da haske, wannan zai ƙara rage zato, amma sai an yanki abin, kuma ba namu ba ne.

Na koma wa dattijon da bayanin duka, har da wanda ba zai so ji ba, cewa guntun ƙashi irin wannan ba abin kuɗi ba ne. Na kuma gaya masa akwai Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, kuma doka ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasa ba izini, saboda haka duk wanda ya zo da zancen zai kai waje a sayar, a yi nesa da shi. Ya san labarin kwalekwalen Dufuna na Yobe, wanda makiyayi ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a 1987, daga baya aka gano ya kai shekara 8,000. Na ce masa abin da ya sa aka iya sanin darajarsa shi ne masana sun same shi a inda yake kwance.

Ya ce a bar ƙashin a jami'a ɗalibai su riƙa gani, amma kada a yanka tukuna, kuma a rubuta masa takarda cewa daga gonarsa ya fito. Aka rubuta, ya sa hannu da ajami. Ya kuma yi alkawarin in ruwa ya sake tono wani abu ba zai wanke ba, ba zai ciro ba, zai sa yaron ya ɗauki hoto da waya, da cokali a gefe don a ga girma, sannan a kira ni. Amonayit guda ya ɗauka ya ajiye a zaurensa, yanzu shi yake nuna wa baƙi yana ce musu gonarsa tsohuwar teku ce.

Guntayen biyu suna cikin akwati a naɗe da auduga, ba a manne su ba don a riƙa ganin cikin. A katin da ke tare da su an rubuta wurin da watan da aka tsinta, da cewa a sake aka same shi a gindin kwari, an wanke shi an kuma fasa kafin bincike. A layin suna kuwa: guntun ƙashin da ya koma dutse, mai yiwuwa na dabbar ruwa mai jan ciki, daga shimfiɗar Pindiga. Mun sa ranar komawa kwarin bayan ruwan farko mai ƙarfi na daminar bana, ni da abokina da ɗalibansa huɗu.